Maganar Iya Tasalla

Saratou ɗiyar Ibrahimu makanike ce, wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci a Gare, babbar tashar Parakou. Shi mutumin Dogon Dutsi ne, Kirista ɗan Kirista, neman abinci ne ya kawo shi ƙasar Benin. Ya kama haya a unguwar Albarika cikin Hausawa 'yan kasuwa da mahauta, a nan aka haifi Saratou. Da ya rasu, mahaifiyarta ta kwashi ƙannenta ta koma Nijar. Ita ta tsaya saboda karatu, don ta riga ta shiga jami'a tana karanta falsafa, da niyyar in ta sami digirin lisans ta wuce makarantar tauhidi, inda ake horar da masu aikin ikilisiya. Ba a daɗe ba aka rufe iyaka, zuwa gida ya koma sai an tsallaka kogi a kwalekwale. Sai ya zama tsakaninta da uwarta sai waya.

Mutanen gidan hayar ba su taɓa wulaƙanta ta ba. Da salla ana aiko mata da nama, in zazzaɓi ya kama ta ana leƙowa. Amma ran Lahadi ita kaɗai take fita da safe ta nufi majami'a, can kuwa da Faransanci da yaren Baatonum ake sujada. Tun rasuwar babanta ba ta ƙara samun wanda za su yi addu'a tare da Hausa ba.

Da ta gama jarrabawar shekarar ƙarshe, Pasto Bio, shugaban majami'arsu, ya kira ta.

"Karatu kam kina da shi," in ji shi. "Amma kwamiti ba zai tura ki makarantar tauhidi ba sai kin zauna da mutane tukuna. Daminar nan za ki tafi wajen Pasto Worou, a wani ƙauye bayan Kolokondé. Ki koyar da mata, ki ziyarci marasa lafiya."

"Baba pasto, ba na jin yarensu, Yom."

"Matarsa na jin Faransanci. Za ta fassara miki."

Ta shiga mota zuwa Djougou, daga nan ta hau babur. Bayan Kolokondé hanya ta koma laka, har sai da ta sauka ta riƙe takalmanta a hannu mai babur yana turawa. Aka ba ta ɗaki a bayan majami'a, da tabarma da ɗan murhun gawayi. Pasto Worou mutumin kirki ne, amma ƙauyuka da yawa ke wuyansa, kullum yana kan hanya. Matarsa kuwa ga gona ga goyo.

Koyarwarta ta fari a kan bege ta shirya ta, ta cika takardu. Matan suka zo daga tsintar kaɗanya, ƙafafunsu duk taɓo, suka zauna a benci. Saratou takan yi doguwar magana, sai matar pasto ta juya ta faɗi 'yan kalmomi ta yi shiru. Kafin a kai tsakiya wasu sun fara gyangyaɗi. Da aka tashi suka gaishe ta da fara'a, ta amsa da gaisuwa ɗayan nan da ta koya, kowa ya kama gabansa. Haka aka yi ta yi. Da la'asar takan zauna a bakin ƙofa tana jin ana daka sakwara a gidajen maƙwabta, ana hira ana dariya, ba ta san abin da ake wa dariyar ba.

Wata ranar kasuwa ta tafi Djougou wajen Zuwaira, ƙawarta ta ƙuruciya a Albarika, wadda ta auri Awwalu falken shanu. Zuwaira ta rungume ta har da ihu, ta soya mata wagashi, cukun Fulani, suka baje kolin hira. Saratou ta ji bakinta ya sake, ta yi surutun da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ke dai kin rame," in ji Zuwaira. "Wai har yanzu maganar nan tana nan? In kin gama wannan makarantar ki shiga wata?"

"Tana nan."

"To aure fa? Wa zai auri mace mai wa'azi?"

"In akwai rabo zai zo."

"Allah ya kawo shi. Ni dai ban gane ba, amma tun muna yara in kin sa kanki abu ba mai juya ki."

Aka kira sallar azahar. Matan gidan duk suka tashi alwala, Zuwaira ta ɗora mata jariri a cinya. Saratou ta zauna a tabarma tana jijjiga shi har suka idar. Ba wanda ya ce mata komai, hasali ma uwar miji ta sa mata albarka. Duk da haka tun kafin la'asar ta ce za ta koma, wai kada ruwa ya tare ta.

Kwana kaɗan bayan haka, tana sauke tukunyar ruwan zafi daga murhu sai tsumman ya zame, ruwan ya zubo mata a hannu.

"Wayyo hannuna!"

Daga bayan danga wata murya ta ce, "Sannu. Kada ki sa gishiri. Tsoma a ruwan sanyi."

Saratou ta manta da zafin. Ta leƙa. Tsohuwar nan ce da take gani kullum a gindin mangwaron maƙwabta, ɓarin jikinta ɗaya a shanye, tana magana ita kaɗai. An ce mata kanta ne ya taɓu, shi ya sa ba ta taɓa matsawa kusa ba, daga nesa take ɗaga mata hannu.

Ta zagaya da hannunta cikin ƙwarya, ta durƙusa.

"Iya, ina wuni?"

Tsohuwar ta ƙura mata ido. 

"Lafiya lau. Ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Ibrahimu ce, daga Parakou."

"Ban san shi ba. Ni Tasalla nake. Zauna, 'yar nan. Kada ki tafi."

Maganarta a karkace take fitowa saboda bakin da ya goce, sai an kasa kunne. Amma Hausa ce tsantsa, irin ta mutanen da. Saratou ba ta tashi ba har ɗan tsohuwar ya dawo daga gonar doya. Barnabé sunansa, magidanci mai furfura, ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci. Ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallonsu.

"Kina jin abin da take cewa?"

"Ina ji."

Ya ajiye fartanyar. Ya ce bara ne ta faɗi a bakin rijiya. Da ta farfaɗo, Yom ɗin da ta yi duk rayuwar aurenta tana yi ya ɓace mata ƙaf. "Mun san harshen iyayenta ne take yi," in ji shi, "amma ba ta taɓa koya mana shi ba, ko kalma. Tambaye ta, me take so? Kullum da abinci ya zo sai ta yi ta faɗa."

Saratou ta tambaya. Tsohuwar ta ce bakinta ya yi gyambo a ciki, yaji yana cin ta, koko take so. Ta ce in an kwantar da ita a ɓarin hagu ƙugunta kamar ana sara. Ta ce kuma a daina ɗaure akuya kusa da ita. Saratou ta juya ta faɗa da Faransanci. Barnabé ya saurara har ƙarshe, sannan ya tashi ya kwance akuyar, ya ja ta bayan gida. Ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo idanunsa sun yi ja.

Daga ranar Saratou ta sami wurin zuwa. Koyarwar mata ba ta bari ba, sai dai ta rage tsawonta. Da ta gama sai gindin mangwaro. Takan dama kokon da kanta, ta ba ta da cokali. Sukan yi addu'a tare, tsohuwar tana cewa amin tun ba a kai ƙarshe ba. Wani lokaci ta san ko wace ce Saratou, wani lokaci ta kira ta da sunan wata da ta mutu tun tuni.

A hankali labarinta ya fito. Babanta falken goro ne a zangon Djougou. Ita tana budurwa tana sayar da fura a kasuwa, a nan ta haɗu da wani manomi Yom mai kawo doya. Ta so shi, ta bi shi, ta bi addininsa. Babanta ya ce kada ta ƙara taka masa gida. Ƙaninta Umar Faruƙ ne kaɗai yakan saci jiki ya same ta a bakin kasuwa su gaisa, daga baya shi ma ya bari.

"Ba ni na bar Hausa ba," in ji ta. "Wanda zan yi da shi ne babu. In na yi wa yara, sai in ji kamar ina kiran mutanen da ba za su amsa ba. Sai na rufe bakina." Ta kama hannun Saratou da hannunta mai lafiya. "Ki nemo mini Umaru. Ba abin da nake so wurinsa. In gan shi kawai."

Saratou ta kira Zuwaira, Zuwaira ta faɗa wa mijinta. Awwalu ya san zango ciki da bai, bai sha wuya ba. Umar Faruƙ ya rasu da daɗewa. Ɗansa Haidar ne a gidan, yana da shagon kayan babur.

Barnabé ya ce kada a faɗa mata, a ce ana nema. Saratou ta wuni tana juya abin a ranta. A ƙarshe ta ce masa ba za ta iya ba. "Ni kaɗai take jin maganata. In na yi mata ƙarya, wa ya rage?" Ya ce to, ta yi yadda ta gani.

Da ta faɗa mata, tsohuwar ba ta yi kuka ba. Tana kallon kaji ta ce, "Yaro ne fa. Ni na goya shi." Sannan ta ce, "To a kai ni gidan."

Awwalu ya je ya yi wa Haidar magana, ya ce su zo. Da aka sami ranar da hanya ta ɗan bushe, Barnabé ya nemo mota, aka kwantar da tsohuwar a baya, kanta a cinyar Saratou. Haidar ya tare su a ƙofar gida, mutum ne dogo, marar yawan magana. Shi da Barnabé suka yi musabaha, suka gaisa da Dendi, yaren kasuwar Djougou, kowa yana kallon fuskar ɗan'uwansa. Sannan ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Gwaggo, sannu da zuwa."

"Kai ne na Umaru? Goshinsa ne."

"Baba ya taɓa ce mana yana da yaya a daji. Sau ɗaya ya faɗa. Mun ɗauka kin rasu."

An rushe tsofaffin ɗakunan an yi na siminti, ba ta gane komai ba sai rijiyar tsakar gida. Ta ce a ɗebo mata ruwanta. Matar Haidar ta ce ai yanzu ta wanki ce, akwai na famfo. Tsohuwar ta ce ita dai na rijiya. Aka ɗebo, ta kurɓa, ya zubo ta gefen bakinta, Saratou ta share mata. Aka jingina ta da bango a kan tabarma. Matan gidan da suka gaji da kallonta suka koma harkarsu, wannan na kiran yaro, waccan na cinikin kayan miya ta kan katanga, duk da Hausa. Tsohuwar ba ta tsoma baki ba. Tana saurare, har barci ya ɗauke ta. Barnabé ya ce rabonsa da ya ga ta yi irin wannan barcin tun kafin ta faɗi.

Damina ta ja baya, lokacin komawar Saratou ya yi, kwamiti yana jiranta a Parakou. Ta zaunar da Barnabé da matarsa ta koya musu abin da ya sawwaƙa: ruwa, koko, sanyi, ciwo, juya ni. Suna maimaitawa tsohuwar tana yi musu dariya. Awwalu ya yi alkawarin duk ranar da ya zo kasuwar shanu ta Kolokondé zai ƙaraso ya gaishe ta.

Ranar tafiya Saratou ta durƙusa gabanta da jaka a kafaɗa.

"Iya, zan koma Parakou."

"Yaushe za ki dawo?"

"Ban sani ba. In an ɗauke ni makaranta, kudu zan tafi."

"Makarantar me kuma?"

"Ta koyon aikin Allah."

"To wannan da kike yi na wane ne?" Ba da faɗa ta tambaya ba, so take ta sani. Saratou ta yunƙura za ta tashi. Tsohuwar ta riƙe bakin zanenta ta ƙi saki, sai da Barnabé ya zo ya ɓamɓare yatsun a hankali. Har Saratou ta hau babur tana jin muryarta tana kira, "'Yar nan! 'Yar nan!"

Kwamiti ya amince da ita. Pasto Bio ya ce Pasto Worou ya yaba da ita ƙwarai, za ta tafi a sabuwar shekarar karatu. Ta yi godiya, ta koma ɗakinta na Albarika. Ta kira uwarta ta faɗa mata, uwar ta yi guɗa a waya. Da aka kashe wayar ta zauna bakin gado, ta rasa me za ta yi da sauran wunin. Takan kira Barnabé ya kanga wa tsohuwar waya a kunne, amma ba ta gane cewa mutum ne ke magana a ciki ba, sai ta ture.

Ana cikin haƙar doya Barnabé ya kira da sassafe. Iya Tasalla ta cika.

Saratou ta isa ƙauyen ana shirin ɗaukar gawa. Majami'a ta cika, aka yi waƙoƙi da Yom, Pasto Worou ya yi wa'azi. A bakin kabari ya juyo ya ce mata ita za ta yi addu'ar ƙarshe, ya yafito matarsa ta zo ta fassara. Saratou ta ce a bari, da harshen marigayiyar za ta yi, ba sai an fassara ba.

Ba ta shirya komai ba. Ta gode wa Allah saboda Tasalla ɗiyar falken goro, mai sayar da fura, yayar Umaru, uwar Barnabé. Ta ce ya san shekarun da ta yi da bakinta a rufe, ya karɓe ta ya saurare ta.  Mutanen ba su san ta gama ba sai da ta buɗe ido, sannan suka ce amin a rarrabe.

Da aka watse ta hango Haidar a gindin wata ɗorawa, nesa da taron, hularsa a kai, hannayensa a baya. Awwalu ne ya kai masa labari. Bai shiga majami'a ba, bai matso kabarin ba, amma ya jira har Barnabé ya zo ya yi masa ta'aziyya. Sannan ya ce wa Saratou, "Malama, in Djougou za ki, zo in rage miki hanya."

Ta shiga motarsa. Da suka wuce Kolokondé sai ya fara magana.

"Na ji abin da kika ce. Iska ta kawo mini."

Ta ce, "To."

"Na yi niyyar zuwa in duba ta. Kullum sai in ce sai hanya ta gyaru." Ya kauce wa wani rami. "Ta yi maganar babanmu? Tana jin haushinsa?"

"A'a. Cewa take yaro ne, ita ta goya shi. Ta ce yana tsoron raƙumi, in ayari ya shigo zango sai ya ɓuya a bayanta."

Haidar ya yi 'yar dariya, ya share fuska da tafin hannu. "Baba? Ban taɓa ji ba." Ya ce ta ƙara masa. Ta ba shi duk abin da ta iya tunawa, har suka shiga gari.

Ya sauke ta a tashar motocin zuwa Parakou. Ya ce in ta biyo ta Djougou ta shigo gida, ta ce to. Ya tambaye ta inda makarantar take, ta faɗa masa, ya ce da nisa, akwai wanda ta sani a can? Ta ce babu tukuna. Ya yi mata fatan alheri ya ja motarsa.

Motar Parakou ba ta cika ba, ita ce ta fara shiga. Ta zauna kusa da taga, ta ɗora jakarta a cinya, tana jiran sauran fasinja.